Ranar da Mallee Ya Ƙi Hawa Mota

Bronte ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da Gwaggo Noelene ta gaya mata Hamish zai zo cin abincin ranar Lahadi da magana a bakinsa, sai ta ce, "To," ta ci gaba da ferayar dankali.

Ta daɗe tana cewa to. Tun ranar da mahaifinta ya tsaya a baranda ya rantse cewa muddin yana numfashi Malakai ba zai sake taka gonarsa ba, kalmar nan ce kawai ta rage mata a baki. A zo a ci abinci, to. A kora tumaki rumfar aski don a aske musu ulu, to. Ko kuka ba ta yi. Ta neme shi da farko, ya ƙi zuwa, ta haƙura.

Laifin Malakai ɗaya ne. Shi ne likitan dabbobin garin Warrabinda, mutumin Fiji, kuma shi ya duba ragunan mahaifinta, Des Kleinig, bara waccan ya tarar da mugun ciwon kofato. Des ya ja shi gefe ya ce a rufe maganar a gida, ai ya kusa zama suruki. Malakai ya ce doka ba ta ba shi wannan damar ba, kuma ciwon ba zai tsaya a shinge ba. Aka killace gonar, aka yanka ragunan da Des ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyara irinsu. Daga nan aka daina ambaton sunan Malakai a gidan.

"Ki saki fuskar nan, ke kuwa," in ji Gwaggo, tana shafa wa cinyar rago gishiri da tafarnuwa. Yayar Des ce, ita ta riƙe gidan tun rasuwar mahaifiyar Bronte. "Sai ka ce wadda za a kai makoki. Me Hamish ya rasa? Shinge ɗaya ya raba gonakinku, aji ɗaya kuka yi. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca."

"Na ji, Gwaggo."

"Kullum na ji, na ji. Ubanki ya tsufa, Bron. Wa zai riƙe masa gonar nan? Ni da waɗannan ruɓaɓɓun gwiwoyin nawa?"

Bronte ta ɗaga kai ta dubi taga. A tsakar gida mahaifinta ya buɗe bayan a-kori-kura, zai je duba kwamin ruwan tumaki. Ya yi fito.

Mallee jan kare ne mai tsayayyun kunnuwa, wanda shi kaɗai kan juya garke daga wannan kusurwa zuwa waccan. Des ba mai yawan magana da mutane ba ne, amma da karen nan sai ya wuni yana hira. Da can kafin fito ya ƙare ya riga ya dira a bayan mota.

Yau sai ya fito daga ƙarƙashin tankin ruwa a hankali, bayansa a ƙobare. Ya zo gindin motar ya ɗaga kai. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya mayar.

"Hau mana! Lalaci ka koya da tsufa?"

Karen ya kaɗa bindi sau ɗaya, bai hau ba. Des ya yi tsaki ya rufe motar, ya tafi shi kaɗai.

Bronte ta ajiye wuƙa ta fita.

Ta sami karen ya koma gindin tanki. Ya shimfiɗa ƙafafun gaba da ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, yana haki, ga shi kuwa gari a sanyaye yake. Ƙashin da aka jefa masa jiya yana nan, ƙudaje na bi. Can gefe ta ga amai, gaba kaɗan ta ga kashi baƙi ƙirin kamar kwalta.

"Mallee. Zo nan, tsoho."

Ta kai hannu cikinsa. Ya yi gurnani ya buɗe mata haƙora. Tun yana ɗan kwikwiyo bai taɓa yi mata haka ba. Nan take kuma ya sunkuyar da kai ya lashi hannunta.

Lokacin da komai ke daidai, takan wuni ranar Asabar a asibitin Malakai tana riƙe masa dabbobi. Ta ɗauka ta manta duk abin da ya koya mata, sai ga hannunta ya tuna. Ta ɗage leɓen karen. Dasashinsa fari fat, babu alamar jini.

Tana nan durƙushe motoci biyu suka shigo a jere, ta mahaifinta da ta Hamish Pfitzner. Hamish ya fito da sabuwar riga da furanni, an yi masa aski har wuyansa ya yi ja.

"Bron! Yau ma a ƙasa zan same ki?" Ya yi dariya, ya matso, dariyar ta tsaya. "Kai. Kawu Des, karen nan ya ƙare."

"Tsufa ne," in ji Des. "Ya kwana biyu yana ɗingishi. Ko kuka ba ya yi, da ciwo ne da mun ji."

"Ba tsufa ba ne, Baba. Jini yake zubarwa ta ciki."

"Ke kuma yaushe kika zama likita?"

Duk sun san yaushe.

Gwaggo ta fito tana goge hannu da tsumma. "Mene ne kuma? Ai ya ji sauƙi. Tun da na fara ba shi maganin gwiwata ya rage ɗingishin."

Bronte ta juyo a hankali. "Wane magani, Gwaggo?"

"Ibufurofen ɗina mana. Ina tura masa a cikin nama safe da yamma, tun farkon aski. Tausayi ya ba ni, yana tashi da ƙyar kamar ni." Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. "Me na yi? Ni fa shi nake sha kullum."

Hamish ya ajiye furannin a kan mota. Ba mugu ba ne, Bronte ta sani. Haka ya ga ubansa yana yi, haka kakansa ya yi.

"Kawu, kada a bar shi yana wahala. Bindigata na mota. In kai shi bayan rumfa, ba zai ma san an yi ba. Kai ba sai ka gani ba." Ya juyo wajenta da murya ƙasa ƙasa. "Karyata ta haihu, Bron. Ki zo ki zaɓi wanda kike so. Da ma ina da niyyar ba ki."

Des ya kau da kai. Yana kallon shinge, muƙamuƙinsa na motsi.

Bronte ta shiga gida ta ɗauko bargo. Ta naɗe karen, ta ɗaga shi. Bai yi nauyin da ta zata ba. Ta kwantar da shi a kujerar bayan motarta.

"Ina za ki?" in ji Des.

"Gari."

"Wajen wa?"

"Ka sani, Baba. Babu wani likitan sai an kusa birnin Adelaide, kuma ba zai kai can ba."

"Karena ne." Des ya matso kusa da motar. "Mutumin nan ya gama da ragunana, ya mai da ni abin nuni a kasuwar dabbobi. Ba zai taɓa mini kare ba. Idan kika fita ƙofar nan da shi, Bronte, kin zaɓa ke nan."

Gwaggo ta fashe da kuka ta riƙe ƙofar motar. "Don Allah, 'yar nan, ki rufa mana asiri. Ga baƙo, ga abinci a wuta. Uwarki a hannuna ta bar ki. Kada ki kashe gidan nan saboda kare."

Bronte ta saurari kanta ko za ta ji tsoro, ko fushi. Ba ta ji komai ba. Ta cire yatsun Gwaggo daga ƙofar ɗaya bayan ɗaya, ta ta da mota.

A hanya ta kira Malakai. Ta goge lambar tuntuni, amma tana nan a kanta. Ya ɗauka, ana jin waƙar coci a bayansa.

"Bronte?"

"Mallee ne. An yi ta ba shi ibufurofen. Kashinsa baƙi, dasashinsa fari."

"Ki taho. Kada ki ba shi komai, ko ruwa."

Ta same shi a ƙofar asibitin da farar rigar coci da baƙin zanen da mazan ƙasarsu ke ɗaurawa. Ya rame. Bai gaishe ta ba, ita ma haka. Ya karɓi karen ya ɗora a tebur, ya taɓa cikin a hankali yana kallon fuskarsa, ya saurari ƙirji, ya ɗebi jini. Ya aske gashin ƙafar gaba ya sa ƙarin ruwa.

"Riƙe mini nan."

Ta riƙe. Ya yi masa allura biyu.

"Wannan ta ciwo ce, mai ƙarfi, wadda ba ta cin ciki. Wannan kuma ta kare cikin ce. Maganin mutane ya ci masa tumbi ya yi gyambo, shi ne jinin. Abin da nake tsoro ƙoda. Gwaji zai nuna."

"Gwaggo ce. Taimako ta yi nufi."

"Na sani. Kusan kullum mai ƙauna ne ke bayarwa." Ya gyara robar ruwan. "Tsohuwar kyanwarta tana nan?"

"Tana nan. Ta daina hawa kan kabad. Bayan firij take wuni, gashinta duk ya cukurkuɗe."

"Ita ma ciwo take. Kyanwa in ta daina gyara jikinta ta koma ɓuya, ba halin tsufa ba ne kawai. A kawo ta. Kuma ki gaya wa Gwaggo, ko da wasa kada ta ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta."

Sannu a hankali hakin ya lafa. Mallee ya miƙe ƙafafunsa, ya sauke kai a kan bargo, ya yi doguwar ajiyar zuciya. Kunnuwan da suka kwanta baya suka saki. Sai a lokacin Bronte ta gane rabon da ta ga fuskar karen nan a sake tun kafin sanyi.

"Yaushe ya fara jinkirin tashi da safe?" Malakai ya tambaya.

"Ban sani ba."

"Yana lasar gwiwarsa? Ya daina kwanciya a inda ya saba?"

"Ban sani ba, Malakai. Kullum ina wuce shi. Ni ke zuba masa abinci. Ban lura ba." Ta faɗa kamar mai karanta labarin wasu. "Ba na lura da komai yanzu."

Ya jawo kujera ya zauna nesa da ita kaɗan. Idanunsa sun kaɗa.

"An ce yau Hamish zai nemi aurenki. A kantin burodi na ji."

"Haka aka ce."

"Me za ki ce masa?"

"Abin da suke so, ina jin."

"Kina son sa?"

"Ba na ƙin sa."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta shafa kunnen karen.

"Shekara biyu, Bronte," ya ce, hawaye na gangaro masa, bai share ba. "Ina ganin motarki a bakin gidan waya in canza hanya, don kada in ja miki magana. Na ce zai huce. Na ce wata rana za ki kira. Da wayar ta yi ƙara yau na ga lambarki, a tsakiyar waƙa na fita, mutane na kallona. Ashe kare ne."

"Da ka yi shiru a kan ragunan..."

"Da na yi shiru da ciwon ya shiga kowace gona a yankin nan, har ta su Hamish. In aka sake, haka zan sake yi. Kin sani. Kuma da na yi shiru da ke ma kin daina ganina da daraja."

"Na sani."

"To me ya sa kika bar ni na tsaya ni kaɗai?"

"Ubana ne. Na ga ranar da aka loda ragunan a mota za a kai su yanka. Ya zauna a kan bokiti a rumfa har rana ta faɗi. Ba shi da kowa sai ni da Gwaggo da karen nan." Ta dube shi. "Ina ganin kana kuka, na san ya kamata in yi. Ina nema a cikina, babu. Kamar an kwashe kayan ɗaki an bar bango. Ban san ko akwai abin da ya rage da zan ba ka ba. Shi ya sa Hamish ya fi sauƙi. Shi ba zai nema ba."

Malakai ya share fuska da hannun riga. "Zan koma gida. An ba ni aiki a garin Lautoka, can Fiji. Na riga na sallami gidan haya, wata likita za ta karɓi asibitin in an gama aski."

"Yaushe?"

"Talata."

"To," ta ce.

Na'urar gwaji ta yi ƙara a ɗaya ɗakin. Ya tashi ya shiga. Tana jin sa yana fyace hanci. Da ya fito, bai kai ga magana ba suka ji tsayuwar mota a waje.

Des ne, shi kaɗai. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, bai dubi kowa ba sai teburin. Mallee ya buɗe ido, bindinsa ya bugi bargo a hankali.

Tsohon ya tako har gaban teburin. Ya ɗora tafin hannu a kan karen.

"Kai, shashasha," ya ce ƙasa ƙasa. "Ka yi ta bin tumaki da wannan a cikinka, ba ka faɗa ba?"

Ya daɗe a haka. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Zai tashi?"

Maganar farko ke nan da ya yi wa Malakai tun ranar baranda.

"Ina sa rai, Baba. Ƙodar ta taɓu, amma ba ta lalace ba. Zai kwana biyu a nan da ƙarin ruwa. In dasashin bai dawo ba sai an ƙara masa jini."

"Ni ba babanka ba ne."

"Na ji. Ka yi haƙuri."

"Ɗingishin fa?"

"Sanyin ƙashi ne a ƙugu da gwiwa, ya daɗe da shi. Ba ya warkewa, amma ana rage masa ciwon sosai. Sai cikin ya warke tukuna, sannan a fara masa allurar wata-wata. A ba shi shimfiɗa mai taushi inda iska ba ta bugu. A jingina katako a bayan mota ya riƙa takawa, ya daina tsalle. Aikin garke kuma ya ƙare, sai dai ya raka ka ya zauna a kujerar gaba."

"A gaba," in ji Des. "Ya zama mai gida ke nan."

"Kuma in ya koma, sai an riƙa duba shi a inda yake kwana da inda yake takawa. A tebur kare yakan daure, a gida ake ganin gaskiyarsa."

Des ya juya hularsa a hannu. Ya dubi 'yarsa a karon farko.

"Gwaggonki ta kulle kanta a ɗaki tana kuka, ta ce ita ta kashe shi. Hamish yana zaune a tebur, abinci ya huce. Yaron nan ya tambaye ni tun jiya, na ce masa na ba shi. Ban taɓa yin magana biyu ba, Bronte."



Ya juya ga Malakai, yana kallon maɓallin rigarsa maimakon fuskarsa. "Kai kuma. In an sallame shi, ka kawo shi da kanka ranar Talata, ka ga wurin kwanansa. Ta ƙofar baya, wajen rumfar aski. Ka duba kare ka tafi. Ba ruwanka da cikin gidana."

"Ranar Talata jirgina zai tashi."

"Jirgi?"

"Zan koma Fiji."

Wani abu ya wuce a fuskar tsohon, ko sauƙi ne ko kunya, Bronte ba ta iya rabewa ba. Ya gyaɗa kai. "To, ka ga an huta. Taso mu tafi, Bron."

Ya buɗe ƙofa ya riƙe.

Malakai bai motsa ba. Ya dube ta, idanunsa jajur. "Tikiti ana canza shi. Amma ba zan canza don kare ba, likitar da za ta zo ta iya aikinta. Ke za ki faɗa. In kin ce in tafi, ba za ki sake jin sunana ba."

Ruwan yana ɗiga a cikin roba. Hannunta na kan ƙafar Mallee, tana jin ɗuminsa yana dawowa kaɗan kaɗan. Ta jira zuciyarta ta buga, ko hawaye su zo su yanke mata hukunci. Ba abin da ya zo. Bakinta ne kawai ya buɗe, da muryar da take faɗar nauyin ulu da ita a rumfar aski.

"Ka zo Talata."

"Bronte," in ji mahaifinta.

"Ta ƙofar gaba," ta ce. "Ni zan buɗe maka. Baba, ka gaya wa Hamish ya yi haƙuri, ko ka bari in gaya masa da kaina. Ni yau a nan zan zauna da kare."

Des ya dube ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Ya sa hularsa, ya fita, ya ja ƙofar a hankali har ta rufe.

Ta taga tana hango shi. Ya shiga mota ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Ta jira ta ji tashin inji.

Bai ta da motar ba. Bai kuma fito ba.